An ce akwai jakar ruwa a jikin zuciyar maigidana, dole ne sai an tsaga ƙirji?

Wata 'yar'uwa daga Rigasa ce ta yi tambayar. Ta ce maigidanta shekararsa 44, sana'arsa saye da sayar da tumaki da awaki, ya ɗan jima yana fama da busasshen tari da wani nauyi-nauyi a ƙirji, aka yi masa hoton ƙirji sai aka ga wata inuwa zagayayya a gefen zuciya, aka tura shi eko, wato sikanin na zuciya, mai ekon ya ce jaka ce mai ruwa a ciki, girmanta kusan santimita 6, kuma ƙila sai an yi aiki. Tana son ta san ko kansa ce, wato ciwon daji, ko dole ne sai an tsaga ƙirji, sannan wani ɗan'uwansu ya ba su shawara wai me zai hana a sa allura a zuƙe ruwan kowa ya huta.

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannunku da jinya, Allah ya ba maigida lafiya ya sa kaffara ne. Na san irin tashin hankalin da kuke ciki, don duk wanda aka ce masa an ga wani abu a zuciyarsa toh ranar ko abinci baya iya ci, ni kuma aikin ƙirji shi ne fannina, na zauna da iyalai da dama a irin wannan yanayin. Bari in fara da abinda zai ɗan sanyaya miki rai: jaka mai ruwa zalla a gefen zuciya galibi ba kansa bace. Kansa tsoka ce mai tauri da take cin naman da ke kusa da ita, ita kuwa wannan kamar balan-balan ce da aka ɗura wa ruwa. Amma maganar ɗan'uwan naku ta allura, dan Allah ku dakata da ita tukuna, kada kowa ya soka wa abin nan komai sai an san wace iri ce, zan gaya miki dalili.

Mu likitoci in muka ce sist, ma'ana jakar ruwa, ba abu ɗaya muke nufi ba. A yankin zuciya akwai iri biyu da suka fi muhimmanci, a hoton farko suna iya kama da juna sosai, amma ɗaya ana iya barinta mutum ya rayu da ita har tsufansa, ɗayar kuma dole a fitar da ita ɗungurungum ba tare da ta fashe ba. Duk maganar da zan yi miki a kan bambance waɗannan biyun take.

Ta farko ita ce ta rigar zuciya. Kinga ita zuciya ba tsirara take a ƙirji ba, Allah ya sa mata wani tantani mai ninki biyu da ɗan ruwa kaɗan a tsakani don ta riƙa motsi ba tare da gogayya ba, in kin taɓa gyara kayan cikin rago da Sallah kin ga wannan farin tantanin da ake yagewa kafin a kai ga zuciyar. Toh tun mutum yana cikin mahaifiyarsa, lokacin da ake haɗa wannan rigar, wani lokaci sai wani ɗan lungu ya ƙi haɗewa da sauran ya ware gefe ya zama 'yar jaka, ruwa ya riƙa taruwa a ciki a hankali. Ita ce za ki ji likitoci suna cewa ferikadiyal sist. Ba ta da yawa ko kaɗan, ƙiyasin da aka sani shi ne mutum 1 cikin 100,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a gefen dama take zama, can ƙasa a kusurwar da zuciya ta haɗu da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ruwan cikinta garai-garai yake kamar ruwan marmaro. Fiye da rabin masu ita basu ma san suna da ita ba, sai dai a je gwajin ɗaukar aiki ko na tafiya ko wani ciwo daban a yi hoto a ci karo da ita. Waɗanda take damu kuma, girma take ta fara danne maƙwabta, in ta danne hanyar iska sai tari da ba ya jin magani, in ta danne gefen zuciya sai haki da faɗuwar gaba da nauyin ƙirji. Ba laifin kowa bane, ba abinci ne ya kawo ta ba, ba kuma jifa bane, halitta ce kawai.

Ta biyu ita ce wadda nake so mu tsaya a kanta sosai saboda sana'ar maigida. Sunanta haidatid, kuma tsutsa ce take kawo ta, wata 'yar mitsitsiyar tsila da bata kai santimita 1 ba wadda take zaune a hanjin kare. Karen yana kashi da ƙwayayenta, ƙwan ya faɗa ciyawa ko ruwa ko ya maƙale a gashin karen, tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi su ci, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jini ya je hanta ko huhu ya kafa jakar ruwa. Ki tambayi maigida, na tabbata ya sha ganin mahauci ya fiɗe dabba ya tarar da ƙullutai masu ruwa a hanta ko huhu ya yanke ya jefar, toh in kare ya samu wannan abin da aka jefar ya ci shikenan an koma farko, tsutsar ta sake girma a cikinsa. Likitocin dabbobi sun daɗe suna samun waɗannan jakunkunan a dabbobin da ake yankawa a kwatocin Arewa, musamman raƙuma. Abinda mutane da yawa basu gane ba shi ne mutum ba ta cin nama yake kamuwa ba, ko da ya ci tsiren wannan dabbar ba ta nan take shiga ba, ta ƙwan da ke kashin kare take shiga, wato hannu da ya taɓa kare ko ƙasar da ya ɓata aka ci abinci ba a wanke ba, ko latas da kabeji da karas na lambu da ba a wanke da kyau ba, ko ruwan da ba a rufe ba. Kuma ba sai kuna kiwon kare a gida ba, na gadin gona da na masu farauta da na makiyaya da waɗanda suke yawo a kara da bayan kwata duk sun isa.

In ta shiga mutum yawanci hanta take tsayawa, kusan kashi 70 cikin 100, sai huhu yake biye. Zuciya kuwa da wuya, tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 2 cikin 100 na masu cutar ne take kai wa can. In ta kai, ta jijiyoyin da suke shayar da naman zuciyar take bi, shi yasa ta fi zama a bangon ɗakin ƙasa na hagu tunda shi ya fi samun jini. Girma take a hankali, shekara da shekaru, mutum zai iya haɗiyar ƙwan yana yaro a ƙauye sai ya haura arba'in a birni abin ya bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, ta kuma ce a kowane lokaci sama da mutum miliyan 1 suna ɗauke da ita a duniya, a yankin Turkana na Kenya da ƙasashe irin su Turkiyya da Iran da Tunisiya likitoci sun saba da ita sosai saboda kiwon tumaki da karnuka.

Toh ga dalilin da yasa na ce kar a soka allura. Ruwan cikin haidatid ba ruwa bane kawai, cike yake da dubban 'ya'yan tsutsa masu rai kamar yashi, kuma jikin mutum yana ƙyamar wannan ruwan matuƙa. In ya zube cikin jini lokaci guda mutum zai iya feso da borin jini, fuska ta kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, jini ya sauka ƙasa, cikin mintoci a rasa shi. In ma an tsira daga wannan, kowane ɗan tsutsa da ya zube zai iya kafa sabuwar jaka a inda ya faɗa, jaka ɗaya ta koma goma. In kuma cikin ɗakin zuciya ta fashe, ɓarɓashinta zai bi jini ya toshe jijiyar huhu ko ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. A hanta akwai wata hanya da ƙwararru suke zuƙe wasu nau'o'inta da allura bayan an ba da magani an shirya komai, amma a zuciya ba a yi. Wannan gargaɗin ya haɗa da sakiya da ƙaho da tsaga a ƙirji da duk wani mai cewa zai janye ruwan da wani jiƙo, ba raina wanzamai nake ba wallahi, amma abin da yake bayan haƙarƙari manne da zuciya ba wajen da hannunsu zai kai bane, kuma lokacin da za a ɓata ana zagaye shi ne yake ba ni tsoro.

Akwai wasu ƙananan iri da ban so in cika ki da su. Akwai jakar da asalinta daga hanyar iska ta ɓalle tun a ciki ta je ta zauna kusa da zuciya, ruwanta mai yauƙi ne, akwai kuma 'yan ƙananan jakunkunan jini da ake samu a ƙofofin zuciyar jarirai da suke ɓacewa da kansu cikin watannin farko. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci a wajenmu nan Kaduna shi ne abubuwan da suke shigar burtu su yi kama da jaka alhali ba ita bace. Na farkonsu tibi, wato tarin fuka. A ƙasashenmu tarin fuka shi ne kan gaba wajen tara ruwa a rigar zuciya, kuma wani lokaci ruwan yana taruwa a lungu ɗaya ya yi kama da jaka sak. Akwai bangon zuciya da ya yi rauni ya bullutso waje, wannan jini ne a cikinsa, ki duba abin da zai faru in an soka masa allura. Akwai kuma kitse kawai, ko hanji da kitsen ciki da suka leƙo ƙirji ta wata 'yar kafa. Na taɓa karɓar wani bawan Allah da aka yi wata shida ana ba shi maganin tibi a wani waje saboda inuwa a hoton ƙirji da tari, ba a taɓa gwada majinarsa ba, ba a yi masa eko ba, ya sha ƙwayoyi har idonsa ya yi ɗorawa, ashe jakar rigar zuciya ce da muka cire ya koma gida cikin kwana huɗu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don gwajin majina na GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, da an yi shi tun farko da an tsaya an sake tunani.

Saboda haka abin da ya kamata ya biyo baya yanzu bincike ne ba wuƙa ba. Hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa. Eko ya fi shi, yana nuna ruwa ne ko tsoka, yana nuna ko abin yana danne wani ɗaki na zuciya, amma eko ya dogara da hannun mai yi, ina so likitan zuciya ne da kansa ya maimaita shi, in ta kama ma akwai wanda ake zura wa ta maƙogwaro a leƙo zuciyar ta baya. Sannan siti sikan na ƙirji wanda ake yi da allurar ruwan da yake haska jijiyoyi, wannan kusan dole ne, kuma kafin a yi za a gwada ƙodarsa don ruwan ta ƙoda yake fita. A siti ɗin jakar rigar zuciya tana da siririn bango sumul, ɗaki ɗaya, ruwa zalla, a wajen zuciya take bata shiga naman ba, kuma bata shan wannan ruwan allurar. Haidatid kuma bangonta ya fi kauri, sau da yawa za a ga ƙananan jakunkuna a cikin babbar kamar uwa da 'ya'yanta, ko tantanin ciki ya saɓule yana lilo a ruwan, ko bangon ya fara daskarewa kamar alli, kuma ta fi son cikin naman zuciyar. In har siti bai raba gardama ba sai a je em-ar-ai, wani hoto da ake ɗauka da maganaɗisu, shi ya fi kowa iya faɗin irin ruwan da ke ciki. Ku roƙa a yi masa sikanin na ciki a duba hanta da saifa da ƙoda, ba shi da tsada, kuma in aka ga irin wannan jakar a hanta toh an kusa gano bakin zaren. Akwai gwajin jini na haidatid, in ya nuna akwai ya taimaka, amma in ya nuna babu kar ku saki jiki da shi kaɗai don yana iya cewa babu alhali tana nan. Sai gwajin bugun zuciya na waya-waya da ake manna wa a ƙirji, da na majina.

Dan Allah ranar ganin likita ki bi shi ko ki tuna masa ya faɗi sana'arsa da bakinsa, ya faɗi in ya taso a rugga ko ƙauye, ya faɗi in akwai karnuka a inda yake ajiye dabbobi. Maza da yawa in sun shiga ofishin likita sai su ce ba komai da sauƙi, likita kuma layi ya yi masa yawa ba lallai ya tambaya ba, kuma wannan 'yar maganar tana iya canza duk tunaninsa. Ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa ko babban asibiti, ga Barau Dikko nan cikin gari, ga Asibitin Sojoji na 44, ga Shika a Zariya inda akwai sashen tiyatar ƙirji da zuciya, ga Malam Aminu Kano a Kano. Kuma ku karɓi faifan siti ɗin kansa ba takardar sakamako kawai ba, mu masu aiki hoton muke son gani da idonmu.

Yanzu maganar aiki. In bincike ya tabbatar ta rigar zuciya ce, hanya uku ce. In ƙarama ce kuma bata damun mutum, barinta ake yi ana bibiya da eko ko siti duk shekara ɗaya ko biyu, wasu basa ƙara girma har abada, wasu ma ɓacewa suke da kansu. Hanya ta biyu ita ce zuƙewa da allura ana kallo da eko ko siti, eh ana yi, amma sai bayan an tabbatar ɗari bisa ɗari ba haidatid bace ba kuma bullutson jini bane, kuma matsalarta tunda jakar tana nan ruwan yana iya dawowa, kusan mutum 1 cikin 3 yake dawo wa, shi yasa wasu suke ɗura sinadarin da zai manne bangon bayan an zuƙe. Ni na fi ajiye wannan hanyar wa tsofaffi da marasa ƙarfin da ba za su iya ɗaukar allurar barci ba. Ta uku ita ce cirewa gaba ɗaya, kuma ga mai shekara 44 da jaka santimita 6 da tari da nauyin ƙirji, in an kore tibi da sauran dalilan tari, ni ra'ayina a cire ta, ba da gaggawa ba, a shirya a tsanake.

Kuma wannan cirewar ba ita ce tsaga ƙirjin da kike tsoro ba. Tunda a waje jakar take, ba a tsayar da zuciya, ba a buɗe ta, tana ta bugunta ake aikin. Inda akwai kayan aiki ana huda biyu ko uku tsakanin haƙarƙari, kowace bata wuce faɗin yatsa biyu ba, a zura kyamara da dogayen almakasai, mai ba da allurar barci ya saki iskar huhun gefen ya kwanta don a samu fili, a bi jakar a hankali a ɓanɓare ta. Inda babu kyamara ana yanka ta gefe tsakanin haƙarƙari, ya fi ciwo kuma ya fi jinkirin warkewa amma sakamakon ɗaya ne. Abin da muke lallaɓawa sosai wata jijiya ce siririya kamar zare da take saukowa ta gefen rigar zuciya, ita take motsa tantanin numfashi, in aka ji mata ciwo mutum zai riƙa haki, shi yasa ake son wanda hannunsa ya saba. Bayan aiki za ki ga roba ta fito daga gefen ƙirjinsa zuwa wata kwalba a ƙasan gado, kar ki firgita, iska da ruwa take fitarwa, kwana ɗaya zuwa uku ake cire ta. Ana kai jakar ɗakin gwaji a tabbatar da irinta, kuma in an cire ta duka da wuya ta dawo.

In kuwa haidatid ce, toh nan magana ta canza, ko bata damunsa ana cire ta saboda ba a san ranar da za ta fashe ba. Wannan shi ne babban aiki. Ana raba ƙashin tsakiyar ƙirji, a haɗa mutum da injin da yake karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, jini ya riƙa fita ta roba injin ya sa masa iska ya mayar, sannan a ɗura wa zuciyar wani ruwa mai sanyi mai sinadarin fotashiyam ta tsaya cak. Na san jin an ce za a tsayar da zuciya yana sa gaba ya faɗi, amma ba sabon abu bane, tun 1953 wani likita John Gibbon ya fara amfani da injin nan cikin nasara a Amurka, a Najeriya ma tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a asibitin koyarwa na Inugu. Dalilin tsayar da ita shi ne kar jakar ta fashe ana tsakiyar taɓa ta, kuma in ma wani abu ya zube kar ya bi jini. Muna kewaye wajen da ƙyallaye da aka jiƙa da ruwan gishiri mai kauri sosai, kashi 20 cikin 100, wanda yake kashe 'ya'yan tsutsar, a zuƙe ruwan jakar a hankali ta rufaffiyar hanya, a ɗura ruwan gishirin a jira wasu mintoci, sannan a buɗe a zaro farin tantanin ciki, kamar dafaffen farin ƙwai yake, da duk 'ya'yan jakar, a wanke ramin a ɗinke, in ramin babba ne a sa faci. In ta taɓa wata ƙofar zuciya a gyara. Sai a saki jini ya dawo zuciyar ta ɗumama ta ci gaba da bugu, a ɗaure ƙashin da waya ta ƙarfe mara tsatsa. Ga wanda ya haura arba'in sau da yawa ana duba jijiyoyin zuciyar tukuna kafin ranar aikin. Ba zan ɓoye miki ba akwai haɗari, zubar jini, rikicewar bugun zuciya wanda wani lokaci sai an sa batir in jakar a bangon tsakiya take, ciwon ya ruɓe, har rasa rai, amma haɗarin barinta ya fi na cire ta nesa ba kusa ba.

Akwai magani da yake tafiya tare da aikin, albendazol, wanda kuka sani da Zentel na tsutsar ciki. Amma ba ƙwaya ɗaya da ake ba yara bace, ana auna shi da nauyin mutum, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo a rana, a raba safe da yamma, a sha da abinci mai ɗan maiƙo, na tsawon watanni bayan aiki don kashe duk abin da ya ɓuya, ana yi ana gwada hanta da ƙwayoyin jini. Mai sabon ciki bata sha. Roƙona kar ki ji sunan nan ki aika kemis a siyo masa, don a zuciya maganin yana iya laushe bangon jakar ya sa ta fashe kafin a shirya, shi yasa likitan da zai yi aikin ne kaɗai zai ce ga ranar farawa. Kuma maganin shi kaɗai ba ya maye gurbin aiki sai ga wanda ba yadda za a yi a yi masa tiyata.

Batun kuɗi kuwa tsakanin ayyukan biyu akwai rata mai yawa. Na rigar zuciya aikin ƙirji ne da asibitocin koyarwa masu likitan ƙirji suke iya yi, na injin kuwa miliyoyin naira yake ci kuma ba ko'ina ake yinsa kullum ba, wasu cibiyoyin lokaci-lokaci suke tara marasa lafiya su yi. Wannan ma wani dalili ne na kar ku fara sayar da fili ko dabbobi ko neman bizar Indiya ko Masar kafin a san sunan abin, na ga waɗanda dillalan asibitocin waje suka ruɗa suka kashe abin da suka tara a kan aikin da za a iya yi musu a gida. Ku nemi a rubuta muku ƙiyasi a takarda, in yana da inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya ku je ofishinsu ku tambayi abin da za su ɗauka, ku kuma fara yi wa 'yan'uwa maganar ba da jini tun yanzu.

Bayan aikin huda yawanci cikin sati biyu zuwa uku mutum ya koma harkokinsa. Na raba ƙashi kuwa ƙashin yana son sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, a wannan lokacin ba ɗaga rago, ba jan akuya da igiya, ba hawa mashin a hanya mai gargada, in zai yi tari ya rungume filo, sallah ma a zaune zai fara har sai likita ya ce ya iya sujada. In haidatid ce za a riƙa bibiyarsa da eko da sikanin na shekaru, kuma ke da yaran da duk wanda yake taya shi kiwo ya kamata a yi muku sikanin na ciki, ba don yana shafa muku ba, mutum baya ɗauka daga mutum, sai don wataƙila inda ya samu kuma kun samu. Karnukan wajen a kira likitan dabbobi ya riƙa ba su maganin tsila, hanta ko huhun da aka ga ƙullutu a jiki a binne shi da zurfi ko a ƙone, kar a jefa wa kare.

Kafin a gama binciken ya rage aikin ƙarfi da kokawa da dabbobi a kara, ya kiyaye duk abin da zai bugi ƙirjinsa. In kuma kika ga ciwon ƙirji mai tsanani ya taso masa farat ɗaya, ko numfashi ya gagara, ko ya suma, ko jikinsa ya feso da borin jini fuska da leɓe suna kumbura, ko baki ya karkace hannu ya saki, ko da ƙarfe biyun dare ne ku nemi mota ku nufi sashen gaggawa na babban asibiti, ki riƙe takardar ekon a hannunki, kina shiga ki ce musu an ga jakar ruwa a zuciyarsa kuma da dabbobi yake aiki.